TAFKI NA KOWA NE, AMMA SU DA LADABINSA

Ina so in jawo hankalin 'yan'uwana ɗalibai da matasan ma'aikata zuwa ga wata magana wadda ba kasafai akan kawo ta zauren muhawara ba, watau maganar kamun kifi, da kuma haƙƙin da talaka yake da shi na isa bakin ruwa ba tare da an tare masa hanya ba. Na san wani zai yi murmushi ya ce, ana ta kai wa yake ta kaya; ga tsadar kuɗin makaranta, ga albashi ba ya kai ƙarshen wata, ina mu ina tarwaɗa da karfasa? To, mai karatu, ka yi haƙuri ka bi ni sannu a hankali, gama ruwa ba ya tsami banza. Abin da nake so in tabbatar shi ne, tafkunan nan da madatsun ruwa da suka cika ƙasarmu dukiyar jama'a ce, saboda haka dole ne a bar wa jama'a hanyar zuwa gare su, a fili kuma a rubuce. Amma fa duk wanda ya je, wajibi ne ya san ladabin ruwa, don kada shi da kansa ya bai wa masu son rufe hanya hujja.

Ruwan da aka biya da gonaki

Kafin mu yi gardama a kan wanda ya cancanci ya jefa ƙugiya, ya kamata mu tuna yadda aka yi ruwan ya taru. A shekarar 1968 aka gama madatsar Kainji a kan kogin Kwara, aka sami tafkin da tsawonsa ya haura kilomita 130, faɗinsa kuwa ya kai wajen murabba'in kilomita 1,300. Mutane kimanin 44,000 aka tasa daga gidajensu. Tsohon garin Bussa ya nutse ɗungum, aka gina Sabon Bussa, tsibirai da ƙauyuka masu yawa na ƙasar Yawuri su ma ruwa ya cinye su. A 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka gama madatsar Tiga a kan kogin Kano. Ta Bakolori a kan kogin Sakkwato ta biyo baya a 1978, kuma babu wanda ya san tarihin ƙasar nan da zai manta da watan Afrilu na 1980, lokacin da manoman da ke neman diyyar gonakinsu suka haɗu da 'yan sanda, aka yi asarar rayuka masu yawa. Daga nan sai ta Goronyo a kan kogin Rima a 1984, da ta Challawa a 1992.

Kowace daga cikin waɗannan madatsu da kuɗin baitulmali aka gina ta, watau kuɗin kowa da kowa. Bayan kuɗi kuma akwai wata biya wadda ba ta shiga littafin akawu ba: gonakin gado, da fadamu, da itatuwan ɗorawa da na kuka, da maƙabartun kakanni, duk suna ƙarƙashin ruwan nan. Su ma mutanen gangare sun biya nasu kason. Ruwan da aka tsare a Tiga da Challawa shi ne wanda a da yakan malala kowace damina ya cika fadamun Haɗeja da Nguru da Gashuwa, kifi ya bi shi ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Da ambaliyar ta ragu, kuma ruwa ya koma tsiyaya kaɗan-kaɗan rani da damina, sai ciyawar kachalla ta sami gindin zama, ta toshe magudanai da wuraren su, har wasu masunta suka rasa inda za su tura jirgi.

To, wanda aka karɓe wa gona aka mayar da ita tafki, ashe mafi ƙarancin adalci ba shi ne a bar shi da 'ya'yansa su ci kifin da ke yawo a kan gonar ba?

Abin da doka ta ce

Wani abin mamaki shi ne, dokokinmu ba su yi shiru a kan wannan magana ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun Gwamna a matsayin amana, domin amfanin dukkan 'yan Nijeriya. Dokar Albarkatun Ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta sanya ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya a ƙarƙashin ikon Gwamnatin Tarayya, amma ta yarje wa kowa ya ɗebi ruwan amfanin gida da na shayar da dabba kyauta a duk inda jama'a ke da damar isa, ta kuma yarda a yi su da sufuri muddin ba a saɓa wa wata doka ba. Ita kuwa Dokar Kamun Kifi mai lamba 108 ta 1992 ta zana iyakokin su ɗin: ta hana amfani da guba da nakiya da wutar lantarki, ta hana koma wadda idonta bai kai milimita 76 ba, watau inci 3, in ban da wadda aka ware domin ƙananan kifayen nan da ba sa girma, ta kuma bai wa hukumomin jiha ikon rufe wani wuri ko wani lokaci domin kifi ya hayayyafa.

Tun kafin zuwan waɗannan dokoki ma, malamanmu na fiƙihu sun bayyana cewa ruwa yana cikin abubuwan da mutane ke tarayya a kansu, kuma ba a hana mutum kamun kifi a kogi ko tafkin da ba mallakar kowa ba ne. Ga shi al'adarmu ta naɗa Sarkin Ruwa domin ya tsara wannan tarayya.

Amma a lura da inda gizo yake saƙar. Doka ta ba ka ruwa a inda kake da damar isa, sai dai ruwa ba a sama yake ba, ƙasa ce ta kewaye shi. Wanda duk ya mallaki gaɓa, ya mallaki tafki ko da sunansa bai fito a kan ruwan ba. Haƙƙin da ba ya da hanya kuwa, tamkar rumbu ne cike da hatsi wanda aka toshe bakinsa.

Yadda ake tare hanya

Ba da shela ake rufe tafki ba, a sannu ake yi. Yau a yanka wa wani babba fili a bakin ruwa domin lambun mangwaro, gobe a yanka wa wani domin gidan hutawa, kowa ya ja shingen waya har cikin ruwa. Kafin shekara goma sai a tarar turbar da masunta da makiyaya da mata masu wanki suka saba bi ta ɓace, mashayar shanu ta koma bayan katanga. Babu wanda ya sa hannu a takardar hana su, amma su ya hanu.

Hanya ta biyu ita ce igiya. A wurare da yawa masunci yakan biya a mashigi, ya biya a kan jirgi, ya biya a kan kwandon kifi, ya biya a kasuwa, wannan ya ce shi na ƙaramar hukuma ne, wancan ya ce na ƙungiya ne, kuma a cikinsu ƙalilan ne ke ba da rasit. Ta uku ita ce jinginar da ruwa, inda akan sayar wa mai kuɗi ɗaya sun tafkin gari na shekara guda, shi kuwa da yake ya san wa'adinsa gajere ne, sai ya share ruwan tas, uwa da 'ya'ya. Ta huɗu ita ce dumba, watau jera gura ɗaruruwa a gicciye a kan magudanar ruwa, yadda duk kifin da ya biyo hanya sai ya faɗa hannun mai dumba, na bayansa kuwa sai dai su wanke komarsu su koma gida. Wannan dabara ta yi ƙarfi a tafkin Chadi da fadamun Nguru, kuma ta haddasa husuma ba sau ɗaya ba.

Tafkin Chadi shi ne babban abin tsoro da ya kamata mu riƙa dubawa. A 1963 faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000, amma fari na shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi har abin da ya rage bai kai ushirin hakan ba. Duk da haka kasuwar Baga ta ci gaba da aika banda har Onitsha da Ikko. Abin da fari bai iya ba, rikicin da ya ɓarke tun 2009 ya yi shi: masu ɗauke da makamai suka kafa nasu haraji a tsibirai, hukumomi suka taƙaita zirga-zirga saboda tsaro, masunci ya shiga tsaka mai wuya. Duk inda hukuma ta bar bakin ruwa babu tsari bayananne, to mai ƙarfi ne zai tsara shi yadda ya ga dama.

Kada kuma a ɗauka asarar ta masunci ce shi kaɗai. A bayan kowane jirgi akwai mai sassaƙa shi, da mai saƙa koma, da matan da ke banda da suya, da dillali, da direba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta bayyana cewa ƙasar nan na bukatar kifi tan miliyan 3.6 a shekara, abin da take samarwa kuwa bai wuce tan miliyan 1 da 'yan kai ba. Giɓin shi ne kifin ƙanƙarar nan da ake shigowa da shi daga ƙetare da kuɗin musaya, alhali ga ruwa kwance a bayan gidanmu.

Hujjar masu son rufewa

Adalci ne mu saurari ɗaya ɓangaren. Suna cewa madatsa wuri ne na tsaro, kuma daga cikinta birane ke shan ruwa. Wannan gaskiya ne, kuma babu mai hankalin da zai nemi a bar mutane su yi ta kai-kawo a kan ginin madatsa, ko kusa da injin lantarki, ko bakin bututun da ke jan ruwan sha. A killace waɗannan wurare, a kafa alama, a sa masu gadi. Sai dai duk a haɗe ba su wuce ɗan yanki ba a cikin gaɓar da mai tafiya a ƙasa zai kwana biyu bai gama zagaya ta ba.

Hujjarsu mafi nauyi ita ce, idan aka bar ruwa a buɗe, kifi zai ƙare. Tarihin Kainji ya nuna cewa tsoron nan yana da tushe. Bayan cikar tafkin, ciyayi da itatuwan da ruwa ya rufe suka ruɓe suka zama abinci, kifi ya yi yawa, har kamun shekara ya haura tan 28,000 a farkon shekarun 1970. Masunta suka yi ta kwararowa daga ko'ina, idon koma ya yi ta ƙanƙancewa, kafin 1978 kamun ya faɗi zuwa ƙasa da tan 5,000. Daga baya kuma aka shigo da dala, komar nan mai ido kamar gidan sauro wadda ake ja daga gaɓa domin warangi, amma takan kwaso 'ya'yan manyan kifaye tun ba su kai yatsa ba.

Amma mu duba maganin da aka yi. A shekarun 1990, da taimakon ƙwararru daga Jamus da cibiyar binciken kifi ta Sabon Bussa, jihohin Neja da Kabi suka yi dokokin su, aka fara rajistar masunta da ba su lasin, aka hana dala, kuma aka sa sarakuna da Sarakunan Ruwa a cikin aikin, domin su ne suka san kowane jirgi da mai shi. Ba a kori talaka daga tafki ba, mugun kayan su aka kora. Inda tsarin ya yi rauni daga baya, rashin bin diddigi ne ya kawo raunin.

Wannan kuwa ba sabon ilimi ba ne a wurinmu. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun duniya abin adanawa a 2016, ya tsaya ne a kan ƙa'ida ɗaya: a bar ruwan Matan Fada ya huta, sa'an nan ranar da aka buɗe shi, dubban mutane su faɗa a lokaci guda, kowa da homa da gora. Haka kuma ƙauyukanmu suka saba yi da tafkunan gari, a hana taɓa su sai bazara, a sa rana, a yi shela, kowa ya fito. Akan rufe ruwa ga kowa, a kuma buɗe shi ga kowa. Abin da ba mu gada ba shi ne a rufe wa dubu a buɗe wa ɗaya.

Dabarun su da ladabinsa

Yanzu bari in juyo gare mu. Yawancinmu nan da 'yan shekaru mu ne za mu zauna a ofisoshin ƙasa da safiyo, da na gona, da na hukumomin raya koguna da aka kafa tun 1976, mu ne za mu sa hannu a takardun yanka fili. Wanda bai taɓa zama a gaɓa ba, a wurinsa tafki shuɗin fenti ne kawai a kan taswira. Saboda haka shawarata ita ce, ranar hutu a ɗauki fatsa a nufi ruwa mafi kusa, gama gani ya kori ji. Ga kaɗan daga abin da ya kamata sabon shiga ya sani.

Kafin kome, a nemi Sarkin Ruwa ko dattijon mashigi a gaishe shi, a faɗi abin da ya kawo mutum. Shi zai nuna inda aka hana, da inda wani ya shimfiɗa kalli ko mamari, da inda rami yake, da inda kada ko dorina ke kiwo. Sallama ɗaya takan ba mutum ilimin da ba zai samu ba ko da ya shekara yana lalube.

Kayan aiki ba su da tsada: sandar gora mai lanƙwasa, da zaren roba, da ƙugiya, da 'yar dalma, da totuwar kara wadda za ta yi iyo ta nuna an taɓa. Kuskuren sabon shiga shi ne sayen babbar ƙugiya saboda kwaɗayin babban kifi, alhali ƙaramar ƙugiya takan kama babba da ƙarami, babba kuwa ba ta shiga bakin karfasa. Idan tsage ake nema, sai a ɗaura ɗan guntun waya tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoransa sukan datse zare kamar almakashi.

Kowane kifi da abincinsa da mazauninsa. Tana ita ce uwar koto, kusan babu kifin da ke ƙin ta. Karfasa tana son gefen ciyawa inda ruwa bai yi zurfi ba, kuma takan zo wa ƙullun dusa da aka cuɗa da garin ƙuli-ƙuli, musamman idan an ɗan watsa dusar a wurin tun da fari. Tarwaɗa da ragon ruwa da ƙurungu a ƙasa suke kiwo, da gashin bakinsu suke laluben abinci, saboda haka sai a sa dalma ta kai koto ƙasa, a kuma zaɓi abu mai ƙarni kamar hanjin kaza. Giwan ruwa da tsage mafarauta ne, ƙaramin kifi suke so, kuma sukan laɓe kusa da duwatsu ko kututturan itatuwan da ruwa ya rufe. Lokacin da shinge ya tashi a farkon damina, ko fara ta yi yawa da kaka, a yi koto da su, domin abin da ke faɗawa ruwa a lokacin shi kifi ke jira.

Wuri mafi albarka shi ne bakin rafin da ke zuba cikin tafki, gama ruwa mai gudu yakan kawo abinci da iska. Haka kuma gaɓar da iska ke kaɗawa zuwa gare ta ta fi wadda ke bayan iska, domin can ƙwari da ɓurɓushin abinci ke taruwa. Game da lokaci kuwa, da bazara a fita daga asuba zuwa hantsi, ko daga la'asar sakaliya zuwa magariba, don tsakar rana kifi yakan gudu zurfi. Da hunturu sanyi yakan kashe masa jiki, sai rana ta ɗaga ruwa ya ɗan yi ɗumi yake cin abinci. Ita tarwaɗa dare ne nata. A zauna shiru, a guji buga ƙafa, kada kuma a bar inuwa ta faɗa kan ruwa. Ba banza Bahaushe ya ce kifi na ganinka mai jar koma ba.

Sai maganar tsare kai. Tarwaɗa da ƙurungu suna da ƙaya a fukafukansu wadda sukarta ke da raɗaɗi, sai a kama su ta bayan kai. Minjirya kuwa ba a taɓa ta da hannu. A guji tsayawa a cikin ruwa mara gudu mai ciyawa, domin a nan katantanwar da ke ɗauke da ƙwayar tsargiya take zaune, ƙwayar kuma ta fata take shiga. Wanda ya ga jini a fitsarinsa ya hanzarta zuwa asibiti. Kada a tsaya a gangaren madatsa, gama ana iya sakin ruwa ba zato. Kada a shiga jirgin da aka yi wa lodi fiye da ƙima, kada a shiga ba rigar kariya, kuma da an ga hadari ya haɗo a nemi gaɓa. Iya ruwa fidda kai.

Ladabi mafi girma shi ne tausaya wa gobe. Macen karfasa a bakinta take renon ƙwai da 'ya'ya; wanda ya kama ta ya ga baki cike, ya mayar da ita, don ba kifi ɗaya ke hannunsa ba, ɗaruruwa ne. Bargi da yauni sheƙa suke yi a cikin ciyawa lokacin ambaliya, kada a kai musu farmaki a kan sheƙa. Kifin da bai kai tafin hannu ba a jiƙa hannu a cire ƙugiya a sake shi. Wanda kuwa ya zuba Gammalin 20 ko wani maganin ƙwari, ko ya daka magimfa, ko ya jefa nakiya, wannan ba masunci ba ne, maɓarnaci ne, domin ya kashe babba da ƙarami, ya kuma sa guba a tukunyar wanda ya saya da cikin saniyar da ta sha. Irinsa ne ke sa a rufe wa kowa hanya, kuma tona asirinsa aikin kowa ne.

Abin da ya kamata a yi

Ƙasashen da suka riga mu gina madatsu sun bi hanyoyi biyu. A Ingila haƙƙin su a yawancin ruwaye yana hannun masu ƙasar da ke gaɓa, har lasin gwamnati ba ya wadatarwa sai da izinin mai wuri ko na ƙungiyar da ta yi haya. A Amurka kuwa, tun 1950 ake raba wa jihohi kuɗin harajin da ake karɓa a kan kayan su domin raya kifi, daga 1984 kuma aka wajabta kashe wani kaso wajen gina mashigan jirage na jama'a. Mu da su yake sana'a da abinci a wurinmu, hanya ta biyu ce ta fi kusa da abin da muka gada.

Saboda haka, na farko, a kowane tafki da aka gina da kuɗin jama'a a bar zirin ƙasa a kewayen gaɓa wanda ba za a yanka wa kowa ba, a fitar da mashigai da mashayu da turbobin da ke kai wa gare su, a kafa musu duwatsun safiyo, a sa su a taswira, a buga a gazet. Na biyu, lasin ya zama ɗaya tak, mai sauƙin kuɗi, mai rasit, a kuma kafa allo a mashigi da Hausa da ajami wanda ke nuna abin da za a biya da wanda za a biya. Mai fatsa ɗaya da ke neman na miya a yafe masa. Na uku, kaso sananne daga kuɗin lasin ya koma bakin ruwan da aka karɓe shi, a yi aikin share kachalla, da sintiri, da sayen rigunan kariya. Na huɗu, a kafa kwamiti a kowane tafki wanda ya ƙunshi Sarkin Ruwa, da wakilan masunta, da na mata masu banda, da na makiyaya, da jami'in kifi, su ne za su sa lokacin hutun ruwa a farkon damina, kuma hutun ya hau kan kowa, har da mai babban jirgi. Na biyar, mai son zuba jari ya yi kiwon kifi a keji a cikin tafki, maraba da shi, a ba shi yanki mai iyaka da wa'adi, amma kada a haɗa masa da gaɓa.

Mu ɗalibai kuma muna da abin yi tun yanzu. Masu karatun labarin ƙasa da na shari'a da na kimiyyar halittu suna neman kan bincike kowace shekara. Ga shi nan a kwance. A je tafki ɗaya, a ƙirga mashigan da ke akwai, a tambayi dattawa nawa ne a da, a rubuta nawa masunci ke biya daga gaɓa zuwa kasuwa, a auna idon komar da ake aiki da ita. Ƙungiyarmu ta tattara sakamakon ta miƙa wa Majalisar Jiha. Hujjar da aka auna da ƙafa ta fi ihu a dandali tasiri.

Daga ƙarshe, ina kira ga ɗan'uwana ma'aikaci, ranar da fayil ɗin yanka fili a bakin ruwa ya iso teburinka, kafin ka sa biro ka tambaya: ta ina mutanen ƙauyen nan za su bi su isa ruwa? Idan babu amsa a cikin fayil ɗin, ka mayar da shi a nemo. Rigakafi ya fi magani, kuma shingen da aka hana kafawa yau ya fi wanda za a yi shari'ar shekara ashirin kafin a tumɓuke shi sauƙi.

Allah ya albarkaci ruwayenmu, ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, mu kuma ya sa mu bar wa na baya abin da za su kama, amin.